Faifan da Na Kai Dapaong

A shekarar da Sokode ta yi ta kwana tana tashi da zanga-zanga, ni ce mai kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibiti na wata ƙungiya mai zaman kanta. Asibitin gida biyu ne, babba a Sokode, reshe a Dapaong, kuma na'urorin duka biyun a wuyana suke. A takardar ɗaukar aiki an ba muƙamina dogon suna da Faransanci, amma a baki "mai rezo" ake ce mini, rezo kuwa shi ne haɗin da ke tsakanin kwamfutoci a Faransanci. Firinta ta ƙi fitar da takarda, a kira mai rezo. Wani ya manta kalmar sirrinsa, a kira mai rezo. Ko fanka ce ta tsaya sai an leƙo ɗakina, domin a wurin ma'aikatanmu duk abin da ake jona wa wuta dangin juna ne.

Ni 'yar unguwar Zango ce ta Sokode, a nan aka yanke mini cibi. Babana malami ne. Da safe yana koyar da yaran unguwa karatu a zaure, da rana yana zaman rumfarsa ta turare da carbi a kasuwa. Bai taɓa gane ainihin aikina ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Injinan likitoci take gyarawa," kuma da ƙarfi yake faɗa yadda na nesa zai ji. Maigidana yana Kumasi wajen fatauci, don haka ni da 'yata, wadda lokacin bakinta bai daɗe da buɗewa ba, muna gidanmu wurin Inna da Baba.

Yadda na tsara aikin shi ne, duk bayanan marasa lafiya, gwajin da aka yi musu, maganin da aka ba su da wanda jikinsu ba ya karɓa, suna cikin kwamfuta guda da ke ɗakina a Sokode. Ita muke kira sarba. Sauran kwamfutocin gidan ta waya suke zuwa wurinta, na Dapaong kuma ta intanet. Na ji daɗin wannan tsari ƙwarai don ya hutar da ni zirga-zirga. Daga kujerata nake shiga kwamfutar da ke Dapaong in gyara abin da ya lalace, shayina ma bai huce ba.

Sai aka fara maci, mutane na neman a sa wa mulki iyaka. Ranar da aka kira maci, tun da hantsi za ka ji garin ya canza murya. Babu kukan zemijan, baburan hayar nan da ba sa barin kunne ya huta, sai wani gunji daga wajen babban titi. Can sai hayaƙin taya, can sai barkonon tsohuwa. Mata suka koyi shafa man kaɗe a gefen ido da ajiye tsumma cikin ruwa a bakin ƙofa. Washegari a buɗe kasuwa kamar ba a yi komai ba, amma kowa yana ciniki yana waiwayen hanya.

Wata safiya na shiga ofis na tarar babu intanet. Ban kawo komai a raina ba, na bi abin da na saba bi. Na duba fitilun akwatin da ke kawo mana shi, na kashe na kunna, na canza waya, na hau kujera na leƙa bayan kabad ko ɓera ya yi ɓarna. Sarba lafiyarta lau, kwamfutocin cikin gida duk suna ganinta. Waje ne babu. Na kira kamfanin, layinsu ba ya shiga. Ina durƙushe a ƙarƙashin tebur ina bin waya da yatsa, sai maƙwabcinmu mai shagon shiga intanet ya leƙo ta taga.

"Madam, fito daga nan," ya ce. "Ba naki ba ne. Ƙasar gaba ɗaya aka rufe."

Na fito na zauna a ƙasa, gwiwoyina duk ƙura. A makaranta an koya mana neman matsala daga kusa zuwa nesa, daga wayar da ke hannunka har zuwa kamfani. Ba wanda ya gaya mana abin yi idan aka je ƙarshen layin aka tarar mutum ne ya ba da umarni.

Kafin azahar likitan Dapaong ya kira daraktanmu. Barandarsa cike take da masu hawan jini da masu juna biyu, kwamfutarsa kuma ba ta nuna masa komai. Darakta, dattijo ne ɗan ƙabilar Kotokoli mai magana a hankali, ya shigo ɗakina da wayar a hannu.

"Madam, sai yaushe?"

"Dokta, wannan ba a hannuna yake ba."

"To mene ne a hannunki?"

Na ce zan iya kwafe komai a faifai in kai Dapaong, in mayar da ɗaya daga kwamfutocinsu sarba, su yi aikinsu a cikin gida ba sai da intanet ba. Bakina ya riga tunanina. Sai da na ga ya gyaɗa kai sannan na tuna hanyar, na tuna garuruwan Bafilo da Mango da ke kanta da abin da ake cewa yana faruwa a can.

Da la'asar na faɗa a gida. Inna na tsintar shinkafa a tire, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ba inda za ki. Mazan gidan aikin naku ƙarewa suka yi?"

"Inna, ba wanda ya iya sai ni."

"Wannan kuma abin alfahari ne?"

Baba yana alwala a bakin rijiya. Ya ƙarasa wanke ƙafarsa, ya sa takalmi, sannan ya ce, "Dapango." Haka tsofaffi ke kiran garin. "Marasa lafiya ne ke jira?"

"Su ne, Baba."

"To ki je. Ki fita da sassafe. Kada ki yi gardama da mai kaki, kada ki yi gardama da mai dutse a hannu."

Inna ta ajiye tiren, ta shiga ɗaki ta ƙulla mini gari da ƙuli-ƙuli a leda, ta jefa cikin jakata da ƙarfin da ya fi na jifan gari.

Faifan kamar tafin hannu yake. Na sa shi cikin safa na cusa tsakanin tufafina, tare da kwamfutata ta hannu da naɗin waya da fulayar matse kan waya. 'Yata na barci na fita. A tasha motar ta ƙi cika, direba ya gaji da jira ya tashi da mu haka nan. A kan kwalta akwai baƙaƙen da'ira inda tayoyi suka ci wuta, zaren ƙarfensu a murɗe. Muka haye dutsen Alejo. A Bafilo ƙofofi a rufe, awaki ne kawai a kan titi.

Bayan mun wuce Kara masu kaki suka sauke mu, kowa ya buɗe kayansa. Wanda ya zo kaina matashi ne, idanunsa jajaye don rashin barci. Ya laluba jakar ya zaro safar.

"Mene ne wannan?" ya tambaya da Faransanci.

"Faifan kwamfuta. Na asibiti ne."

"Hotunan maci ne a ciki?"

"Bayanan marasa lafiya ne."

"Buɗe in gani."

Ba wani abu nake ɓoyewa ba, amma abin da ke ciki sirrin mutane ne, kuma idan ya riƙe faifan tafiyata ta tashi a banza. Na ɗora kwamfutata a bayan mota, na jona faifan, na buɗe baƙin allon da muke rubuta umarni, na sa ta jero sunayen fayiloli kawai. Lambobi da haruffa suka yi ta gudu, fari a kan baƙi. Ya kalla na ɗan lokaci, ya duba katin aikina. Sai ya rage murya, ya ciro wayarsa daga aljihu.

"Tunda aikinki ne, duba mini wannan. Ta daina shiga rezo. Matata ta haihu, hoton jaririn nake jira."

Na karɓa na jujjuya ta a hannu, don kawai kada in mayar masa nan take.

"Lafiyarta ƙalau," na ce. "Daga sama aka rufe."

Ya kalle ni, ya kalli wayar, ya mayar da ita aljihu. "Ku wuce."

Mango muka ratsa ba tsayawa. Damina na ƙarewa, dawa a tsaye ta fi mutum tsawo hagu da dama, ni kuwa hannuna na cikin jaka a kan safar har muka shiga Dapaong rana ta karkata.

Reshen namu gida ne mai 'yan ɗakuna a bayan kasuwa. Wadda ta tarye ni ita ce mai karɓar marasa lafiya a ƙofa, 'yar ƙabilar Moba daga Korbongou, mace mai jiki da tabarau a kan hanci, ta girme ni nesa ba kusa ba. Kowa Tanti yake ce mata. Mun sha magana a waya amma ba mu taɓa haɗuwa ba, don bayan zuwana na ƙarshe aka ɗauke ta. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da bambancin "ke" da "kai".

"Kai ne mai rezo?" ta ce tana duba na sama da ƙasa. "Muryarka ya fi ka girma. Zo ka sha ruwa tukuna. A gidana za ka kwana."

Washegari na fara. Ba a iya ba ni kwamfutar da ake aiki da ita ba, sai na jawo wata tsohuwa daga sito, na buɗe cikinta na hure ƙurar da ta yi mata bargo. Ta tashi. Na goge komai da ke kanta, na sa mata sabon tsari, na zuba bayanan daga faifai. Da na zo shiga, manhajar ta ƙi karɓar kowa. Na sake zubawa, ta sake ƙi. Sai da na kai ido kan agogon kwamfutar na ga tana zaune a wata shekara da ta wuce tuntuni. Ɗan batirin da ke riƙe mata lokaci ne ya mutu. A wurin mai gyaran agogo na kasuwa muka samo irinsa.

Bayan wannan sai rikicin adireshi. Kowace na'ura a rezo tana da lambarta, yadda gidaje ke da ƙofa. Na ba sabuwar sarba lamba tsayayya don sauran su san inda za su same ta, ashe firinta ma wannan lambar take riƙe da ita tun da daɗewa. In ɗaya ta bayyana sai ɗaya ta ɓace. Na raba su. Sai ɗakin likita ya ƙi gani sam. Na hau tsani na leƙa silin, na tarar ɓeraye sun cinye wayar har jan ƙarfe. Na ja sabuwa ta bin bango, Tanti na riƙe mini tsani tana miƙo ƙusa. Na kuma tarar duk ma'aikatan da suna ɗaya suke shiga, da kalmar sirri ɗaya wadda har mai gadi ya sani. Na buɗe wa kowa nasa. Sun yi ta ƙunƙuni.

Lokacin da sunan mara lafiya na farko ya fito a allon likita, wata tsohuwa ce mai ciwon suga, sai ya ɗaga hannuwansa sama kamar an ci ƙwallo. Ni ban ji daɗin da na zata zan ji ba. Idona na kan wayata.

Kullum bayan azahar nake kiran Baba. Ya ce, "Lafiya lau, yi aikinki," ina jiyo muryar 'yata a bayansa tana rigima da kaji. Na shirya komawa ke nan sai labari ya iso kasuwa kafin ya iso rediyo. Aka ce Sokode ta rikice fiye da na baya, ana bi gida-gida, mutane na gudu daji. Kowa da yadda yake ba da shi. Na kira Baba, wayarsa a kashe. Na kira maƙwabtanmu, wasu a kashe, wasu na ƙara ba a ɗauka. Darakta ya ɗauka sau ɗaya, ya ce sun rufe asibiti, shi ma bai san halin da Zango ke ciki ba. Maigidana ya yi ta kirana daga Kumasi yana tambayata abin da ni ma ban sani ba, har muka fara ɗaga wa juna murya.

Na ɗauki jaka na tafi tasha. Babu motar da za ta yi kudu. Na dawo. Da yamma na sake zuwa, direbobi na kwance a kan benci, ɗaya ya ce, "Hajiya, ko motar taki ce ba zan shiga Sokode ba." Zama ya gagare ni. Na kwance firinta lafiyayya na share ta. Na cire wayoyin da ba abin da ya same su na sake ɗaurewa. In na zauna sai in miƙe, in na tashi ban san inda zan nufa ba, sai in zagaye baranda tsakanin marasa lafiya, in danna lambar Baba, in ji muryar matar nan ta kamfani, in kashe, in sake dannawa. Abinci kuwa Tanti ta kawo tuwon dawa da miyar kuka, in ci loma biyu in tura kwanon.

Likita ya same ni a ɗakin sarba. "Madam, na san hankalinki na gida. Amma in kin tafi abin nan ya tsaya, wa zan kira?"

Ba mugunta ce ta sa shi faɗa ba, tsoro ne. Tanti na tsaye a bakin ƙofa da fayil a hannu, ta ce, "Koya mini."

"Tanti, abin da wuya."

"Na haifi yara, na yi noma, na koyi Faransanci da girmana. Koya mini, ƙanwata. Ka ga sai ka tafi."

Muka fara a ranar. Na ce mata idan mutum ya zo ya ce "ba ya aiki", kada ta taɓa komai tukuna, ta tambaye shi me ya gani, kuma me ya yi kafin abin ya tsaya. Sannan ta duba wuta, ta duba waya, ta duba ko 'yar fitilar da ke bayan kwamfuta na ƙyaftawa. Na buɗe mata baƙin allo na nuna mata yadda ake aika wa wata na'ura ɗan saƙo a ga ko za ta amsa.

"Kamar sallama ne a ƙofar gida," na ce. "In an amsa, akwai mutum, hanya kuma a buɗe take. In shiru, ko ba kowa, ko ba ki kai ƙofar ba."

Ta rubuta lambar sarba da yatsa ɗaya, ta danna. Amsa ta fara sauka layi bayan layi. Ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Ya amsa," ta ce. "Kai, ya amsa!"

Na koya mata kashe sarba ta hanyar da ta dace, ba da zare filogi ba. Na koya mata buɗe wa sabon ma'aikaci suna da canza wa wanda ya manta kalmar sirri. Na koya mata kwafe bayanan ranar zuwa faifai kafin a tashi aiki, faifan kuma kada ya kwana ɗaki ɗaya da sarba. Abin da ya fi ba ta wuya shi ne matse kan waya. Ƙananan zarurruka ne masu launi daban-daban da sai an jera su daidai, yatsunta kuma masu kauri ne. Ta lalata kawuna da yawa. Daga baya ta mayar da jerin launukan wata 'yar waƙa da yarensu, tana rerawa ƙasa-ƙasa tana jerawa, har ta samu wanda ya yi.

Da na ga ta fara kamawa, sai in ce ta fita waje. In zare wata waya, ko in canza wa kwamfutar ɗakin magani lamba, in kira ta ta nemo. Wani lokaci ta daɗe, ta yi gumi, ta zagi kwamfutar da Moba. Wani lokaci ta tafi kai tsaye. Tana nema ni kuma ina bakin taga da waya a kunne.

Wata rana da hantsi ta ce, "Yanzu kai fita."

Na fita. Da na dawo rabin gidan ba ya ganin sarba. Na bi ɗaki-ɗaki, na duƙa, na hau tsani, har na tarar ta sassauta waya ɗaya a bayan akwatin rarraba rezo, ta bar ta a maƙale kamar tana ciki. Na tura ta ta shige, na juyo ina dariya. Sai a lokacin na lura tun da na fara neman ban taɓa wayata ba. Tanti na kallona ta saman tabarau.

"Gobe ma zan ɓata maka wani," ta ce.

Ba a kai ga haka ba. Da yammacin ranar ta shigo da sauri ta ce ta samo direban babbar mota, ɗan Zangon Dapaong, zai kai albasa Lome. Ya yarda in zauna a gaba, amma ya ce ba zai tsaya cikin Sokode ba, a bakin gari zai sauke ni. Na bar wa Tanti fulayata da sauran naɗin waya. Likita ya tsaya a baranda yana kallonta kamar yau ya fara ganinta.

Tafiyar ta yi tsawo, motar na nishi a kowane hawa, warin albasa ya shiga har cikin mayafina. Direban ya yi ƙoƙarin yi mini hira, da ya ga ba na amsawa ya ƙyale ni. Ya sauke ni inda ya ce, na taka da ƙafa zuwa Zango. Wasu ƙofofin da kwaɗo, wasu a hangame ba kowa. A wani gida na hango tukunya a kan murhu, tuwon cikinta ya bushe ya tsage. Na fara gudu.

Zaurenmu a buɗe yake. Baba na zaune a kan buzunsa, alluna jingine da bango, babu yaro ko ɗaya. Ya ɗago kai.

"Kin dawo? Injin ya tashi?"

"Baba, ina su Inna?"

"Suna lafiya. Sun bi maƙwabta zuwa ƙauye, ta hanyar Camba."

"Wayarka fa? Na kira, na kira..."

"Tana wurin uwarki. Na ba ta ne don ki same ta." Ya shafa gemunsa. "Can kuma babu wutar caji. Wannan ban tuna da shi ba."

Na zauna a dokin ƙofa, kukan da na riƙe tun Dapaong ya ƙwace. Bai hana ni ba. Da na lafa na ce, "Kai me ya sa ba ka bi su ba?"

"In mutane suka leƙo suka ga zauren nan a rufe, za su ce Zango ta tashi. Kuma dole wani ya kira salla."

Da ƙyar na samu mai zemijan da ya yarda ya kai ni ƙauyen. Na tarar da Inna a ƙarƙashin ɗorawa tare da matan unguwarmu, 'yata goye a bayanta. Na miƙa hannu, yarinyar ta kalle ni ta juya fuska ta cusa a wuyan kakarta. Da mai babur ɗin ya tayar da injinsa zai koma, sai ta toshe kunnuwanta da hannu biyu.

"Ƙyale ta," in ji Inna. "Ta ji abin da bai kamata ta ji ba. Za ta zo."

Sai da rana ta kusa faɗuwa ta sauko da kanta ta zauna a cinyata, tana wasa da zip ɗin jakata.

Mutane suka riƙa dawowa kaɗan-kaɗan. Intanet ma ya dawo, ba sanarwa, kamar yadda ya tafi. Sai na samu kaina da sarba biyu, ta Sokode da ta Dapaong, kowace da abin da aka zuba mata bayan rabuwarsu. Haɗa su ya ci mini makonni, ina bi suna-suna don kada maganin wani ya hau kan na wani. Ana haka ana ci gaba da kiran maci jefi-jefi, mu rufe, mu buɗe. Da na gama na shiga wurin darakta na ce masa ba zan ƙara zama ni kaɗai ba. A ba ni mutane a kowane gida in koya musu, kuma a bar sarbar Dapaong a inda take. Bai yi musu ba.

Da hanya ta ɗan lafa aka tara su a Sokode. Tanti ta zo da fulayar a jakarta, tana ba ni labarin yadda wata makaranta a Nano ta aiko a ɗauke ta ta duba musu firinta. Ta ce sai ta gaida Inna kafin komai. Ta zo mata da zabuwa daga gidansu na Korbongou, ƙafafu a ɗaure da tsumma. A tsakar gidanmu ana cikin gaisuwa, Inna na ta godiya, Tanti ta sunkuya ta kwance tsumman don a ga ƙibarta. Zabuwar ta yi fir ta haye katanga.

Yaran Baba suka watsar da alluna suka bi ta da ihu. Ta sauka a kwanon maƙwabta, ta yi ta gudu a kai, ƙarar kamar ana ruwan duwatsu. Kafin ka ce me, lungun ya hargitse. Ƙofofi suka fara rufuwa garam-garam. Mai shayin bakin titi ya sunkuci butarsa ya yi cikin masallaci. Wata mata ta fito da tsumma jiƙe a hanci tana kiran sunayen 'ya'yanta. Baba ya fito ƙofar zaure yana ɗaga hannu.

"Zabuwa ce, jama'a! Zabuwa ce!"

An daɗe kafin a yarda da shi. Da ƙofofin suka fara buɗewa aka yi dariya, amma gajeriya, kowa na dafe da ƙirji. Mai shayi ya dawo da butarsa yana cewa dama salla ya je yi. Tanti ta tsaya a tsakar gida da tsumman a hannu, kunya ta rufe ta, tana ta ba Inna haƙuri. Zabuwar kuwa ba a kama ta ba. Ta koma kan bishiyoyin mangwaron bayan unguwa, muka yi ta jin kukanta har aka shiga rani.